Tanti Habsu da Tabon Kaina

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safen nan labarin ya iske ni. Ina cikin kalas, alli a hannuna, yara suna karatu da ƙarfi, sai waya ta yi ta kuka a cikin jaka. Ban saba ɗauka ba in ina aiki. Da ta ƙi yin shiru na leƙa, na ga ƙanwata Saude ce. Na fito baranda.

Ta ce, "Yaya, a zaune kike ko a tsaye?"

Na ce ta faɗa kawai.

"Tanti Habsu ta rasu. Da asuba, a gidan likita a Damagaram."

Na koma ciki na ce wa yara su kwafi abin da ke tablo, na je bencin ƙarshe na zauna. Ban yi kuka ba a lokacin. Wata irin gajiya ce ta sauko mini.

Wallahi na gaji da irin wannan rubutu. Bana mun yi rashi da yawa, har na ce ba zan ƙara sa hoton mamaci a shafin nan ba. Amma wannan ba zan iya yin shiru ba.

Ga waɗanda ba ƴan Matamaye ba: Tanti Habsu mai salon ce. Ɗan ƙaramin shago mai koriyar ƙofa, a bayan kasuwa. Kitso, wankin kai, rinin gashi. Ba ƴar'uwata ba ce, ba mu haɗa ko unguwa ba. Amma in an cire ƴan gidanmu da mijina, tun daga yarinta har na girma ba wanda ya ga kaina a buɗe kafin ita.

Yau zan faɗi abin da yawancinku ba ku sani ba, har da waɗanda muke aiki tare a lakwal, makarantar da nake koyarwa.

Ina ƙarama, ban ma shiga lakwal ba, na yi tuntuɓe na ture kaskon ƙosai. Man ya zubo mini a gefen kai na hagu. Na warke, alhamdu lillahi, amma tun daga saman kunne har kusa da tsakar kai fatar ta zama sirara mai santsi, gashi jefi-jefi. Komai yana cin ta. Rana, sabulu mai ƙarfi, kitso in an ja da yawa. Na girma da kallabi biyu, ɗaya a ciki ɗaya a waje. Ko a ɗakin amarya, inda mata ke tuɓe ɗankwali suna shan iska, ni ba na cirewa. Ana cewa Madam Mariyama ustaziya ce. Ba ustazanci ba ne.

Sai kuma furfura ta zo mini da wuri, gadon babanmu. Ta taru a bakin tabon ta zagaye shi, kamar an bi shi da alli don kowa ya gani.

Na taɓa sayen baƙin rinin nan na leda a kasuwa na shafa da kaina. Kafin gari ya waye idona na hagu ya rufe, kunnena yana ruwa. Na kwanta a gida ina ce wa mutane zazzaɓi ne.

Bayan wannan ne Saude ta ja ni zuwa wurin Tanti.

Ranar shagon a cike yake. Rediyo na yi, mata na hira, wata na ƙarƙashin kask ɗin busar da gashi tana ba da labari da ihu don ba ta jin kanta. Da layi ya zo kaina Tanti ta ce, "Bismillah, cire kallabi mu gani." Na kai hannu, hannun ya tsaya. Ta dube ni, ta dubi matan da ke zaune. Sai ta ɗaga murya yadda kowa zai ji:

"Af, Madam ce? Ki yi haƙuri, kayanki ba su iso ba tukuna. Ki dawo gobe bayan azahar."

Ban yi odar komai ba. Ranar ma ta fara ganina.

Washegari na koma. Ta riga ta sallami kowa, ta saki labule, ta juya kujera ta ba madubi baya. Na cire kallabin farko, na cire na biyu, na runtse ido ina jiran abin da na saba ji daga ƴan'uwa in sun gani: wayyo, subhanallahi, sannu. Ba ta ce ko ɗaya ba. Ta wanke hannu, ta sa bayan ɗan yatsa ta taɓa a hankali.

"Nan kina ji? Nan fa? To nan ya fi sauran laushi, zan kiyaye."

Kamar tela na auna riga. Wallahi wannan ya fi mini duk wata sannu da aka taɓa yi mini.

Ta tambaye ni, "Kullum a rufe yake. Wa kike so ya ga rinin?"

Na ce, "Ni."

Ta ce, "To ya isa dalili."

Na ɗauka a ranar za a gama. Ina! Ɗan ɗigo ta sa mini a bayan kunne, wani a cikin gwiwar hannu, ta ce in tafi, kada in wanke wurin, in dawo jibi. Na dawo wurin ya yi ja ya tashi. Ta gwada wani rinin marar warin nan mai hawa ido. Shi ma ya yi ƙaiƙayi. Na fara gajiya da zarya, ga aiki, ga yara a gida. Na ce, "Tanti, ko dai mu haƙura?"

Ta yi dariya ta ce, "Saurin me kike, Madam? Kan nan ba inda za shi, yana nan bisa wuyanki."

A ƙarshe lalle ne ya karɓe ni. Ba baƙin lallen kwalba ba, wanda ta ce ita ba ta san me ake zuba masa ba. Ganyen ta saya ta sa aka daka a gabanta, ta tankaɗe da ƙyalle mai laushi, sannan ta bi shi da baba don ya yi duhu. Shi ma sai da ta gwada a bayan kunne.

Tana da dokoki, kuma ba ta wasa da su. Kada ki wanke kai ranar da za ki zo, maiƙonsa kariya ne. Kada ki sosa. In kin tsefe kitso ki bar kan ya huta kafin rini. In akwai ƙurji ko ɗan rauni, ba maganar rini sai ya warke. In abin ya fi ƙarfinta kuma ba ta jin kunyar cewa, "Ni ba likita ba ce, ki je a duba ki."

Kafin ta fara sai ta shafe tabon da man kaɗe, ta bi goshi da kunnuwa da ƙeya. Ta ɗaga gashi kaɗan-kaɗan da wutsiyar kum, ta shafa, buroshi bai taɓa fata ba. Kullum tana barin ɗan fari a gindin gashi. Na taɓa yi mata ƙorafi, ta ce, "Wannan ɗan farin ba zai hana ki barci ba. Gyambo zai hana."

Ruwan ɗauraya daga randa take ɗibarsa, ba daga bidon, jarkar nan da ke wuni a rana, ba, kuma sai ta gwada a wuyan hannunta. Kask kuwa ban taɓa shiga ƙarƙashinsa ba. In akwai kuran ta juyo mini fanka. In an ɗauke, kun dai san halin wutar garin nan, ta ɗauki mafici ta tsaya a kaina tana fifita, ita kuma gumi na bin wuyanta.

Abin da ya fi ba ni dariya da farko, sai ta sa na cire takalmi. Na ɗauka don tsabta ne. Ashe ba haka ba. Ta ce, "Matan garin nan in ka tambaye su ko da zafi sai su ce ba komai, ko da kan na ci da wuta. An koya muku dauriya har ta yi yawa. Ni yatsun ƙafa nake kallo, su ba su iya kunya ba."

Ta kama ni da su kuwa.

Lokacin bikin Saude ne, ana tsakiyar bazara. Zafi ya fito mini da ƙananan ƙuraje a ƙarƙashin gashi, ni ma ban san da su ba. Ta gama gefen dama, ta fara gangarowa hagu, sai na ji raɗaɗi. Na cije. Ga ɗaurin aure gobe. Ta ce, "Lafiya?" Na ce lafiya lau. Ta dubi ƙasa, ta ajiye kwanon, ta kama ni sai wurin wanki.

Na fito da kai rabi baƙi rabi fari. Na kalli madubi, ta kalli madubi, muka fashe da dariya har ta dafa bango. Washegari da sassafe sai ga ta a gidanmu, ita da ba ta zuwa aiki gidan kowa. Ta ɗaura mini kallabi irin ɗaurin da ban taɓa yi ba kafin nan, ban kuma ƙara samu ba. Duk hotunan bikin da kuka yi ta yabawa, yau kun ji abin da ke ƙarƙashi.

Hannunta in kun taɓa lura, duk ya tsattsage, farcen ya yi duhu. Ta ce lokacin da take koyon aiki a Damagaram ba wanda ya ce mata ta sa safar hannu. Ta yi shekaru tana tsoma hannu cikin rini da man miƙar da gashi, har ta kai ko albasa ba ta iya yankawa sai da hawaye. Ta ce, "Hannun nan ne malamina. Abin da ya yi mini a tafi, ina tunanin yadda zai yi wa mutum a ka."

Shekaru muka yi a haka. Bayan azahar, labule a sake, ni da ita. Wani lokaci mu yi hira, wani lokaci in yi gyangyaɗi. Kun san salon wurin magana ne, labarin da ya shiga da safe kafin la'asar ya zaga gari. Nawa bai taɓa fita ba.

Tun bara jikinta ya fara ƙi. Ƙafafu na kumbura, ta koma aiki a zaune bisa kujera ƴar tsugunno. Aka ce ƙoda ce. Zarya ta fara tsakanin nan da Damagaram, ta tafi ta dawo, kowace dawowa ta fi ta baya rama.

Haɗuwarmu ta ƙarshe dab da komawa lakwal ce, bayan dogon hutu.

Na je bayan azahar kamar kullum. Labule a sake. Na ɗaga na shiga, sai na ga mutum a zaune. Rakiya ce, mai salon ɗin da ke tsallaken hanya. Kowa ya san su biyun gaisuwa ce kawai ke haɗa su, shekara da shekaru suna jan kiliyan ɗin juna, wato masu zuwa gyaran kai. Na ce, "Ashe kina da baƙuwa, bari in dawo."

Tanti ta ce, "Madam, zauna. Saboda ke na kira ta."

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ce, "Tanti, ba mu yi haka da ke ba."

Ta miƙo hannayenta biyu a gabana. Rawa suke, ba ƙarama ba.

Ta ce, "Dubi. In buroshi ya zame ya sauka bisa tabon nan fa?"

Na ce, "To zan jira ki warke."

Rakiya ta sunkuyar da kai. Can Tanti ta ce, a hankali, don numfashi ba ya isar ta:

"In na warke, alhamdu lillahi, ki dawo wurina mu kori Rakiya. In kuma Allah ya yi nasa ikon, ba na so wata rana ki gaji ki koma ma rinin leda. Na san ki. Za ki gwammace fuskarki ta kumbura da ki buɗe wa wata kai. Gara ki buɗe yau ina zaune."

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka a tsaye ba. Daga baya na zauna. Na cire takalmi, na cire kallabin farko, na cire na biyu.

Rakiya ba ta ce wayyo ba. Ta wanke hannu, ta sa bayan ɗan yatsa. Nan na gane an riga an yi mata karatun.

Tanti na gefe tana ba da umarni. "Ƙara man kaɗe a nan. Sassauta hannu, ba kitso kike ba. Bar gindin. Dubi ƙafarta." Muryar na raguwa, na raguwa, har muka ji shiru. Na juya na ga barci ya ɗauke ta a zaune, kai ya jingina da bango, mafici a cinya. Muka ƙarasa ba wadda ta yi magana. Ko ruwan ɗauraya a hankali Rakiya ta riƙa zubawa don kada ƙararsa ta tashe ta.

Ina shirin ɗaura kallabi ta farka. Ta ce, "Tsaya. Juyo in gani." Na durƙusa a gabanta. Ta duba dama, ta duba hagu, ta daɗe a hagun. Da Rakiya ta fita zubar da ruwa sai ta raɗa mini, "Ya yi. Wajen kunnen nan ma ta fi ni iyawa, amma kada ki faɗa mata, kanta zai kumbura."

Sannan ta ce, "Ki gaida yara."

Shi ke nan. Ba da daɗewa ba aka sake tafiya da ita Damagaram, ba ta dawo da ƙafarta ba.

Yau da na tashi daga lakwal na hau kabu-kabu kai tsaye zuwa gidan. An riga an kawo ta, an kai ta makwancinta bayan azahar. Mijinta Malam Isuhu na zaune a ƙofar gida cikin maza, ana yi masa gaisuwa yana amsawa kamar bai san me ake cewa ba. Na shiga ciki na sami gefen tabarma.

Kusa da ni wata mata ce da ban sani ba, ta ce daga Ɗan Barto ta zo. Muka gaisa. Can ta matso ta ce, "Baiwar Allah, ke ƴar'uwarta ce?" Na ce a'a, kaina take yi mini. Ta dube ni, ta dubi yadda na ɗaura kallabi har bisa kunne. Ta rage murya:

"Ke ma ta bayan azahar ce?"

Nan kukan da na riƙe tun safe ya ƙwace.

Ashe ba ni kaɗai ba ce. Ita gashinta ne ya zube bayan haihuwa bai dawo daidai ba. Wata Hajiya daga Tsauni da ke jin mu ta ce ita ma, tun da rini ya taɓa ƙona ta a wani wuri ba ta yarda da hannun kowa sai na Habsu. Kowaccenmu da ranarta, kowaccenmu tana zaton don ita kaɗai ake rufe shago. Shekaru muna wuce juna a kasuwa ba mu sani ba.

Rakiya ta zo ta zauna tare da mu, idonta ya kumbura. Ta ce ita ma ba ta san yawanmu ba sai da Tanti ta fara kiranta, yau wannan, wani satin waccan, tana miƙa mata mu ɗaya bayan ɗaya. Ta ce, "Matar da na yi shekaru ina janye mata mutane. Ta aiko a kira ni, na ɗauka faɗa za ta yi mini." Ta kama hannuna ta ce, "Madam, ban kai ta ba. Sai kun yi haƙuri da ni."

Na ce mu duka sai haƙuri.

Masu salon da ke bin shafin nan, na san kuna da yawa. Ba wa'azi zan yi muku ba, ba ni da ƙarfinsa yau. Don Allah dai ku riƙa gwada rini kafin ku shafa wa mutum, ko da tana sauri, ko da za ta yi fushi. In kuma mace ta tsaya tana jinkirin cire kallabi, kada ku ce yanga ce.

Da zan fito na ga autarta zaune a bakin ƙofar ɗaki, ƴar aji biyu. Kitson kanta ya tsufa, duk ya tashi ya yi buzu-buzu. Ɗiyar mai salon. Na tambayi gwaggonta, ta ce tun da aka tafi da uwarta, yarinyar ta hana kowa taɓa kan. Duk wadda ta zo da kum sai ta dafe kai da hannu biyu ta ce Mama ta ce ita za ta yi mata in ta dawo.

Yau ma wata ta gwada. Ta dafe.

Aka ce a bar ta.

Na dawo gida ban iya cin komai ba. Ga kwafin yara jibge ban duba ba, gobe kuma akwai lakwal.

Ya Allah, ga baiwarka Habsatu ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka sa ciwon da ta sha ya zama kaffara. Ka yalwata mata kabarinta, ka haskaka shi, ka sanya ta a Aljannar Firdausi. Ka ba Malam Isuhu juriya. Ka raya ƴaƴanta, ka haɗa su da masu tausayi. Mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Ku da kuka karanta har nan, na roƙe ku abu ɗaya. Kada ku danna alamar kuka ku wuce. Ku ajiye wayar ku karanta mata Ƙulhuwallahu, ku ambaci sunanta, Habsatu, ku sa da yarinyar nan a ciki.

Allah ya jiƙan ki, Tanti.